Eddie Howe da hanyar da ɗan wasan ƙananan rukunonin Ingila ke bi ya zama koci

Duk mai bibiyar gasar Firimiya ya san fuskar Eddie Howe, kocin da ya kai Bournemouth Firimiya ya kuma ci wa Newcastle kofi a 2025, a bakin layi, da mataimakinsa Jason Tindall a gefensa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a zamaninsa na ɗan wasa Howe bai taɓa buga ko minti 1 a Firimiya ba. Kusan duk ƙwallonsa a rukuni na 3 ya buga ta, a Bournemouth, kuma ciwon gwiwa ya raba shi da fili yana ɗan shekara 29. Irinsa suna da yawa a Ingila. Kowace shekara sukan ajiye takalmi su nemi aikin horarwa, kaɗan ne ake sake jin ɗuriyarsu. Labarin Howe ya dace a yi masa fashin baƙi domin kowace gaɓa ta wannan hanya tana cikinsa: kwantiragi mai gajeren zango, rauni, takardun horarwa, aikin farko a ƙungiyar da bashi ya durƙusar, da koyon sana'a a inda babu kuɗin sayen kowa.

Sai an fara sanin tsanin kafin a gane mai hawansa. Firimiya na da ƙungiyoyi 20. A ƙarƙashinta akwai Championship, League One da League Two, kowace da ƙungiyoyi 24, jimilla 92 ke nan. Ƙasa da su akwai National League, sannan ɗimbin ƙananan gasanni inda mafi yawan 'yan wasa ke da wata sana'ar da rana, su yi atisaye da dare sau 2 a mako. A rukunoni ukun nan na ƙasa da Firimiya kowace ƙungiya tana buga wasa 46 a kaka, ban da na kofuna, daga Agusta zuwa Mayu. A League Two ƙungiyoyi 3 na sama ke haurawa kai tsaye, na 4 zuwa na 7 su fafata a kan gurbi guda da ya rage, 2 na ƙarshe kuma su faɗa National League. Wannan faɗuwar ita ce abin tsoro, domin kuɗin talabijin da tallafin da ake rabawa suna raguwa sosai, kuma ƙungiyar da dama tana fama da bashi takan iya mutuwa a can.

Ɗan wasa a wannan mataki ba attajiri ba ne. Kwantiraginsa na shekara 1 ne ko 2, kuma yawanci yana ƙarewa ranar 30 ga Yuni. A watan Mayu kowace ƙungiya kan fitar da jerin waɗanda za ta riƙe da waɗanda ta sallama. Wanda aka sallama yana da makonni kaɗan ya samu wata ƙungiyar, sau da yawa a wani gari mai nisa, ya kwashi iyali ko ya riƙa doguwar tafiya a mota kullum. Abin da yake samu ya isa cefane da biyan bashin gida, amma bai isa ya zauna ya ci har tsufa ba. Shi ya sa mai hankali a cikinsu tun yana shekara 26 ko 27 yake fara tunanin abin da zai yi bayan ƙwallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Howe, wanda aka haifa a 1977, ya taso ne a makarantar matasan Bournemouth, ya fara buga wa manya a Disamban 1995 a matsayin mai tsaron baya na tsakiya. Ya yi kyau har an kira shi tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 21 a 1998, abin da ba kasafai ɗan rukuni na 3 ke samu ba. A Maris 2002 Harry Redknapp ya saye shi zuwa Portsmouth, da ke rukuni na 2 a lokacin, a kan fam 400,000. A wasansa na farko gwiwa ta ci amanarsa. Ya yi jinya, ya dawo a wasan buɗe kaka ta gaba da Nottingham Forest, cikin 'yan mintuna ciwon ya sake tashi. Wasa 2 kacal ya buga wa Portsmouth. A 2004 ya koma Bournemouth a matsayin aro, kuma da yake asusun ƙungiyar babu komai, magoya baya ne suka yi karo-karo suka tara kusan fam 21,000 domin a dawo da shi dindindin. Ya ci gaba da bugawa da gwiwar da ba ta warke ba, har koci Kevin Bond ya ba shi aikin ɗan wasa kuma mai horarwa a Disamban 2006. A 2007 ya ajiye takalmi.

Wannan matsayi na ɗan wasa kuma mai horarwa shi ne ƙofar da yawancinsu ke shiga ta ciki. Ƙaramar ƙungiya ba ta da kuɗin ɗaukar ma'aikata da yawa, sai ta ba tsohon ɗan wasa ƙungiyar 'yan ajiya ko ta matasa ya riƙe a kan albashi ɗaya. A nan yake koyon ƙananan abubuwan da ba a gani a talabijin: yadda ake shirya atisayen minti 90 da 'yan wasa 11 ko 13 alhali an tsara shi da 16, yadda ake gaya wa yaro ɗan shekara 18 cewa ba za a ba shi kwantiragi ba, da tuƙa mota da dare zuwa wani gari domin kallon abokan karawar mako mai zuwa a rubuto rahoto.

Sai batun takardu. Hukumar ƙwallon Ingila ce ke gudanar da kwasa-kwasan, bisa tsarin hukumar ƙwallon Turai mai matakai 4: lasisin C, B, A da Pro. Mafi ƙarancin sa'o'in karatu da aikin fili su ne 60 a C, 120 a B, 180 a A, 360 a Pro, kuma tsakanin kowane mataki da na gaba ana so mutum ya yi aikin horarwa na zahiri, a zo a duba shi a filinsa da 'yan wasansa. Lasisin B ya fi mayar da hankali ga horar da sashe guda na ƙungiya, kamar 'yan baya ko 'yan tsakiya. Na A ya shafi ƙungiya gaba ɗaya, 11 da 11, da tsarin wasa. Na Pro, wanda kan ɗauki kusan wata 18 kuma shi ake buƙata kafin a riƙe ƙungiyar Firimiya, ya fi karkata ga shugabanci: hulɗa da masu ƙungiya, da 'yan jarida, da kasafin kuɗi, da tafiyar da ma'aikata. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa, PFA, tana taimaka wa mambobinta da wani ɓangare na kuɗin kwas, kuma tun 2012 cibiyar St George's Park da ke kusa da Burton ce hedikwatar wannan karatu. Takardun dole ne, amma ba su ke samar da aiki ba. Masu lasisin A sun ninka kujeru 92 da ake da su sau da yawa. Aiki na zuwa ne ta hanyar wanda ya san ka, kuma kusan kullum a lokacin da abubuwa suka lalace.

Dalilin a fili yake. Ƙungiyar da ke cin wasanni ba ta neman koci. Mai kuɗi kuma gogagge take ɗauka. Wadda ke ba sabon shiga dama ita ce wadda ba ta iya biyan kowa, kuma babu gogaggen da zai yarda ya ɓata sunansa a cikinta. Bournemouth ta ƙarshen 2008 ke nan. A Fabrairun shekarar bashi ya yi mata katutu har aka miƙa ta ga masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, aka zabtare mata maki 10, ta faɗa League Two. Dokar gasar a lokacin ta ce kafin ƙungiya ta fita daga wannan hali sai ta cimma yarjejeniya da masu binta bashi, wadda masu kashi 75 cikin 100 na bashin suka amince da ita. Bournemouth ba ta cimma ba, sai aka sake yanke mata maki 17 tun kafin a buga wasan farko. An kori Bond a Satumba, aka haɗa da Howe. Ya dawo a matsayin mai horar da yara. Wanda ya gaji Bond, Jimmy Quinn, bai kai sabuwar shekara ba. A jajibirin 2009 aka miƙa wa Howe riƙon ƙwarya yana ɗan shekara 31, ƙungiyar tana ta 91 a cikin 92. Ya sha kashi a wasanni 2 na farko, duk da haka aka tabbatar masa da kujerar a Janairu.

Akwai wani abu da masu ba da labarin kan tsallake. A wannan kakar an yanke wa Luton maki 30, Rotherham ma 17. Luton ta riga ta zama kamar ta faɗi, don haka gurbin faɗuwa guda ne ya rage a guje wa. Wannan ya taimaka ƙwarai. Bai rage darajar aikin ba, domin sai da Bournemouth ta ci maki 63 a fili kafin a rubuta mata 46 a tebur.

Matsalar farko da matashin koci ke fuskanta ita ce ɗakin sauya kaya. Mutanen da jiya kuke wasa da dariya tare, yau kai za ka ajiye su a benci, kai za ka yanke wanda za a sabunta wa kwantiragi. Howe bai nemi ya nuna isa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da ya yi shi ne dawo da Steve Fletcher, tsohon ɗan wasan gaba ɗan shekara 36, daga Crawley da ke wajen manyan rukunoni 4. Fletcher ya girme shi da shekara 5, sun yi wasa tare, kuma yana da murya a wurin 'yan wasa da magoya baya. A fili kuma dogo ne mai ƙarfi da za a iya ɗaga wa ƙwallo ya riƙe ta, abin da ake buƙata a filayen League Two da ruwan sama da taɓo ke lalatawa a tsakiyar hunturu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar 25 ga Afrilu 2009 Grimsby ta zo Dean Court, filin Bournemouth. Nasara kawai Bournemouth ke buƙata ta tsira. Baƙin ne suka fara zura ƙwallo, Liam Feeney ya farke bayan hutun rabin lokaci. Saura kusan minti 10 a tashi ƙwallo ta faɗo gaban Fletcher a cikin da'ira, ya ɗirka ta raga, ya cire riga ya ruga da gudu abokan wasa na binsa. Ita ce ƙwallonsa ta 100 a gasa a rigar ƙungiyar. An tashi 2 da 1, Bournemouth ta ƙare a ta 21, Chester da Luton suka faɗi.

Kakar da ta biyo baya ta fi wannan nuna ko wane ne Howe. Tsira daga faɗuwa ana iya yinta da zuciya da zafin nama na wata 4. Haurawa sai da aiki. An ƙaƙaba wa ƙungiyar takunkumin sayen 'yan wasa saboda basussuka, har akwai ranakun da bencinta bai cika ba. Tindall, mataimakin koci, sai da aka yi masa rajistar ɗan wasa, kuma an ɗauko Jayden Stockley, yaro ɗan shekara 16 da ke makaranta, aka sa shi cikin tawaga. Duk da haka suka ƙare a na 2 bayan Notts County, Brett Pitman ya ci ƙwallo 26 a gasar.

Mai 'yan wasa kaɗan haka dole ya yi lissafin mako da kyau. Wasa ranar Asabar da ƙarfe 3 na rana, Lahadi hutu, Litinin motsa jiki mai sauƙi da gyaran tsayuwa, Talata da dare wani wasan, watakila a arewa. Daga Bournemouth da ke gaɓar kudu zuwa gari irin Darlington kusan kilomita 500 ne a bas, a dawo gida da asuba. Laraba hutu, Alhamis ce kaɗai ranar atisaye na sosai, Juma'a kuma bugun kusurwa da bugun tazara. Kocin da ya matsa wa 'yan wasa ranar Alhamis zai rasa mutum 2 da ciwon cinya, wanda ya sassauta da yawa kuma za a fi shi gudu ranar Asabar. Tunda babu sayayya, hanya ɗaya ce ta rage: a gyara waɗanda ake da su, mutum ɗaya bayan ɗaya, da bidiyon wasansu da ƙarin minti 15 bayan kowa ya watse. Wannan ita ce jarin da ɗan ƙananan rukunoni ke hawa sama da ita, kuma ita ce tauraron da aka miƙa wa babbar ƙungiya kai tsaye bai samu damar koya ba.

Ko da an ɗage takunkumi, kasuwar wannan mataki hanyoyi 3 gare ta: waɗanda aka sallama kyauta, aron matasa daga manyan ƙungiyoyi, wanda doka ta taƙaita ga mutum 5 a tawagar ranar wasa, da tono daga ƙananan gasanni. A 2010 Howe ya ɗauko Harry Arter daga Woking a kan fam 4,000. Shi da Marc Pugh, wanda ya zo daga Hereford a shekarar, sun buga wa Bournemouth har a Firimiya.

Inda abin ke lalacewa ma sananne ne. Wani yakan karɓi aiki bai tambayi kasafin kuɗi ba, ko wa ke da ta cewa a sayen 'yan wasa. Paul Scholes, da duk sunansa, kwana 31 ya yi a Oldham a 2019, wasa 7, nasara 1, ya ajiye yana kukan katsalandan. Sol Campbell ya ceci Macclesfield daga faɗuwa a shekarar, amma ya tafi ana bin ƙungiyar bashin albashi, kuma a 2020 kotu ta rushe ta. Wani kuma yakan zo da salon da ya gani a Barcelona, ya ce mai tsaron raga ya fara wasa daga baya a filin da ƙwallo ke tsalle kamar kwaɗo, da 'yan bayan da ba su saba ba. Wasa 6 ba nasara sun isa shugaban ƙungiya ya fara amsa wayar dillalai. Kuma wanda aka kora a aikinsa na farko sau da yawa ba ya samun na biyu, domin babu abin da zai nuna sai wannan faɗuwar.

Howe kansa bai tsira daga tuntuɓe ba. A Janairun 2011 ya tafi Burnley a Championship, ya ƙare a na 8, sannan na 13. Ba a kore shi ba, amma bai yi abin a zo a gani ba, kuma mahaifiyarsa ta rasu a 2012 yana can arewa nesa da gida. A Oktoban shekarar ya sauko mataki guda ya koma Bournemouth, wadda ke sahun masu faɗuwa a League One. A ƙarshen kakar ta haura a matsayin ta 2. Bayan shekara 2 ta lashe Championship da maki 90 da ƙwallo 98, ciki har da 8 da nema da ta zazzaga wa Birmingham a gidanta. A nan dole a faɗi gaskiya: wannan Bournemouth ba matalauciyar 2009 ba ce. Ɗan kasuwar Rasha Maxim Demin ya shigo a 2011 da kuɗi, an sayi Matt Ritchie da Callum Wilson, har aka ci tarar ƙungiyar saboda karya dokar kashe kuɗi a kakar da ta haura. Amma 'yan bayan da suka kai ta Firimiya, Simon Francis, Steve Cook, Tommy Elphick da Charlie Daniels, tun a League One suke tare da shi.

Shekara 6 da rabi daga ta 91 zuwa Firimiya ba shi ne abin da aka saba ba. Hanyar Chris Wilder ta fi kama da ta yawancin waɗanda suka kai. Tsohon ɗan baya ne da ya zaga Rotherham, Notts County, Bradford da Halifax. Ya fara horarwa a Alfreton a 2001, can ƙasa da National League. Ya yi shekara 6 a Halifax har ƙungiyar ta rushe a 2008. Ya dawo da Oxford cikin 92 a 2010, ya lashe League Two da Northampton da maki 99 a 2016 a kakar da ma'aikata suka yi makonni ba albashi, sannan ya ɗauki Sheffield United daga League One da maki 100 har Firimiya a 2019. Shekara 18 ya yi a hanya.

Hawa Firimiya kuma kan tona asirin abin da ƙananan rukunoni ba su koyar ba. Na farko saye da manyan kuɗi. Idon da ya gano Arter a Woking bai yi sa'a da Jordon Ibe ba, wanda aka biya kusan fam miliyan 15 a 2016, kuma Dominic Solanke da aka saya a 2019 sai bayan tafiyar Howe ya fara cin ƙwallaye da yawa. Na biyu tsaro. A kaka 5 da Bournemouth ta yi a Firimiya ƙarƙashinsa babu wadda aka zura mata ƙasa da ƙwallo 60. Muddin 'yan gaba na ci, abin na rufuwa, har ta kai ta 9 a 2017. Da raunuka suka yi yawa ƙwallaye suka ƙafe a 2020, sai ta faɗi, Howe ya tafi.

Ya yi wata 15 ba aiki, kuma bai zauna ba. Ya sake duba atisayensa na shekaru, ya je Sifaniya ya kalli yadda Diego Simeone ke horar da Atletico Madrid. Da Newcastle ta ɗauke shi a Nuwamban 2021, wata guda bayan asusun zuba jari na Saudiyya ya saye ta, tana da maki 5 a wasa 11, kuma sai a wasa na 15 ta samu nasarar farko. An kashe kuɗi a Janairu, aka kawo Kieran Trippier, Bruno Guimarães, Chris Wood da Dan Burn. Amma aikin da ya fi nuna hannunsa na waɗanda ya tarar ne. Joelinton, ɗan gaban da aka saya fam miliyan 40 aka yanke ƙauna da shi, Howe ya mayar da shi tsakiya bayan an ba Ciaran Clark jan kati a wasan Norwich, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙungiyar. Sun ƙare a na 11. A kakar 2022 zuwa 2023 ƙwallo 33 kacal aka zura musu, daidai da Manchester City, suka ƙare a na 4.

Ranar 16 ga Maris 2025 a Wembley, a wasan ƙarshe na kofin Carabao da Liverpool, ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Trippier ya ɗago bugun kusurwa zuwa can baya, inda Burn ke tsaye nesa da raga. Dogon ya sa kai, ƙwallo ta wuce kusurwar ƙasa. Burn ma ɗan wannan hanyar ne: Newcastle ta sallame shi yana yaro, ya yi aikin tura amalanken kaya a kantin Asda, ya bi ta Darlington da Yeovil kafin ya dawo gida yana ɗan shekara 29. Alexander Isak ya ƙara ta biyu, aka tashi 2 da 1. Kafin wannan rana, rabon Newcastle da babban kofi na cikin gida tun 1955. Tindall, wanda aka yi wa rajistar ɗan wasa domin cike benci a League Two, yana tsaye a gefen Howe lokacin da aka busa tashi.